Haƙuri da Jimiri a Bakin Kiristocin Iyakar Katsina da Maraɗi

Wanda ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi, tafiyar da ke gabansa ba ta kai mil 60 ba, Jibiya kuwa kusan a tsakiyar hanya ta ke. Kusa da garin, a Magama, nan ma'aikatan Nijeriya su ke duba kaya da takardu, in an ƙetare kuma sai Ɗan Isa, inda na Nijar su ke nasu aikin. Iyakar nan ba tsohuwa ba ce. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta, suka ƙulla yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu har zuwa 1908. Mutanen da ta raba kuwa jininsu ɗaya, harshensu ɗaya, gama sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne na Haɓe waɗanda jihadi ya fitar a farkon ƙarni na 19, har wa yau kuma Sarkin Katsina a ke kiran mai sarautar Maraɗi. Ko ruwa bai kula da iyakar ba: gulbin da aka datse a Jibiya shi ne ya ke gangarawa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa gulbin Rima.

A cikin wannan jama'a, wadda kusan dukanta Musulmi ce, akwai 'yan tsirarun Kiristoci. A cikin garin Jibiya galibinsu baƙi ne, watau 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da aiki ya kawo daga kudu. Amma a kudancin ƙasar Katsina, wajen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara da Matazu, da kuma ƙetaren iyaka a karkarar Maraɗi, akwai Kiristoci Hausawa haifaffun wurin, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su kuma da wani gari da za su koma in an tashi hankali. A Nijar, bisa ga ƙidayar 2012, Kiristoci duka ba su kai 1 cikin 100 na mutanen ƙasa ba. Tun kafuwarsu sun sha fari da yunwa da ambaliya, sun ga juyin mulki da rufe iyaka da ƙone majami'u, duk da haka suna nan. Abin da ya kamata masanin harshe ya lura da shi a nan shi ne, wahalolin nan ba iri ɗaya ba ne a wurinsu, kalmomin da su ke ambatonsu da su kuma ba ɗaya ba ne. Akwai masifar da ta ke faɗa wa kowa, Musulmi da Kirista, akwai kuma wadda ta ke zaɓen mutum sabo da addininsa. Ta fari da haƙuri su ke tarbarta kamar kowane Bahaushe. Ta biyu kuwa haƙuri bai ishe ta ba, sai da aka nemo wata kalma.

Kafin a shiga zancen kalmomi, ya kyautu a san yadda jama'ar ta samu. Ƙungiyar mishan ta S.I.M. ta kafa tasha a Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kaɗan kuma ta kafa wata a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, dab da Maraɗi. A gefen Nijeriya Turawan mulki ba su yarda masu wa'azi su shiga ƙasashen sarakunan Musulmi yadda su ke so ba, sai ta hanyar magani aka sami ƙofa: a shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ɗin lura da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A Nijar aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja a 1956. Sabo da haka waɗanda suka fara bi da yawansu majiyyata ne, da marayu, da barorin gidan mishan, watau mutanen da duniya ta riga ta koya musu shan wuya tun ba su ji wa'azi ba. Daga baya ne Maguzawa, waɗanda a Nijar a ke kira Arna ko Anna, suka shigo da yawa, musamman bayan rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi tsakanin 1963 da 1965, lokacin da zama a kan addinin kakanni ya yi wuya, kowa ya ga tilas ya zaɓi gefe. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a Nijeriya a 1954, 'yar'uwarta ta Nijar kuma ta biyo baya wajen samun mulkin kai.

Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne littafi. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausar boko ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya fi kowa wahala a kansa, aka kuma sake wata sabuwa a 1979. Daga Nijeriya littattafan nan su ke ƙetarawa, su da littafin waƙoƙi, har ma da malamai. Sai ya zamana Bagobirin Tsibiri yana magana da karin harshensa a gida da kasuwa, amma in ya buɗe littafi ran Lahadi, Hausar da aka daidaita bisa ta Kano ya ke karantawa. Wannan ya sa rufe iyaka ya ke taɓa su ta wata fuska da ba ta taɓa maƙwabtansu. An ga haka tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1940 da 1942, sa'ad da hukumar Faransa ta Nijar ta bi gwamnatin Bishi, ta ɗauki 'yan mishan masu jin Ingilishi tamkar 'yan leƙen asiri, ta tsaurara musu zirga-zirga.

To, sai kalmomin. Ta fari ita ce bangaskiya. Harɗaɗɗen suna ne, daga "ba" da "gaskiya", gininsa ɗaya da ban kwana, da ban girma, da ban tsoro, da ban ruwa. Bahaushe ya daɗe yana cewa ya ba da gaskiya ga abu, Musulmi ma suna faɗa, amma a fagen addini kalmar aro daga Larabci, watau imani, ita ta rinjaya a bakinsu. Masu fassara suka bar imani suka ɗauki bangaskiya, har ta zama alama: in ka ji mutum ya ce bangaskiyarsa ta yi rauni, ka san inda ya ke sujada ba sai ka tambaya ba. Amma sunan Allah ba su sake shi ba, haka nan addu'a, da zunubi, da annabi, da mala'ika, da Almasihu. Rabuwar harshen nan biyu ba ta yi zurfin da waɗansu su ke zato ba, 'yan kalmomi ne ƙalilan aka keɓe, sauran duk tarayya a ke yi.

Cikin kalmomin tarayya babu wadda ta kai haƙuri, ko hanƙuri yadda Katsinawa da Gobirawa su ke faɗa. A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafta shi cikin halayen da Hausawa su ke auna mutum da su, karin magana kuma ya riga shi: haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse. A wurin ta'aziyya a kan ga amfaninsa ƙwarai. Musulmin da ya je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabcinsa Kirista yakan yi nauyin bakin roƙa wa mamacin rahama, sabo da abin da malamansa suka koya masa, amma ba abin da zai hana shi cewa "Allah ya ba da haƙuri", ko ya tambaya "Yaya haƙuri?" a amsa masa "Da godiya." Kirista ma in ya je nasu haka zai ce. Kalmar nan ita ce gadar da kowa ya ke bi ba tare da ya taka addinin wani ba.

Sai dai haƙuri yana da wata fuska wadda ba a cika kula da ita ba. Aikatau ɗinsa shi ne haƙura, wanda ya faɗa aji na uku cikin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, watau ajin da ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye. In aka sa masa "da" kuwa, ma'anarsa takan juya ta zama saki. Wanda ya haƙura da bashi ya daina bi ke nan. Saurayin da ya haƙura da yarinya ya bar nemanta. Manomin da ya haƙura da gona ya sallama ta. In kuma rigima ta tashi, wanda aka cuta shi a ke ba haƙuri, ma'ana ya bar maganar ta wuce. Mai karatu zai ga inda matsalar ta ke: ba shi yiwuwa mai wa'azi ya hori jama'arsa su haƙura da bangaskiyarsu, don abin da zai fito daga bakinsa kishiyar nufinsa ne. Haƙuri yana koya wa mutum ya karɓi abin da ya sauko masa, amma bai tanadi wurin wanda aka ce ya saki abu ya ƙi saki ba.

Harshen Helenanci, wanda aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya raba abin gida biyu. Akwai makrotumiya, wadda asalinta doguwar zuciya ce, watau jinkirin fushi ga wanda ya yi maka laifi. Akwai kuma hupomone, daga "ƙarƙashi" da "zama", watau mutum ya zauna ƙarƙashin kaya mai nauyi bai zame ba. Fassarar 1979 ta kiyaye wannan bambanci: a sura ta 5 ta wasiƙar Galatiyawa, inda a ke lissafta kyawawan halaye, haƙuri aka sa, amma a sura ta 5 ta Romawa da sura ta 1 ta Yakubu, inda a ke zancen abin da shan wuya ya ke haifarwa, jimiri aka sa. Zaɓin ya yi kyau, gama a Hausar yau da kullum jimiri na mai aiki ne da mai tafiya, na wanda ya ke noma rana tsaka bai nemi inuwa ba, na jakin da ya ke kai kaya Jibiya ya komo. Ba a ba mutum jimiri yadda a ke ba shi haƙuri, shi ne zai yi abinsa.

Akwai abin sha'awa ga siffar kalmar kanta. Aikatau ɗinta jimre ne, ana kuma cewa jure, ga dukan alamu kuwa kalma ɗaya ce ta rabu. Dokar sauti da August Klingenheben ya bayyana a 1928 ta nuna yadda baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya ke komawa wasalin "u" a Hausar gabas, shi ya sa Bakano ya ke cewa zauna da aure da ɗaure inda mutumin Katsina da Maraɗi ya ke cewa zamna da amre da ɗamre. In an bi wannan, jimre ita ce tsohuwar siffa, jure kuma ƙanwarta ce. Ashe kalmar da littafi ya kawo daga Kano da Jos ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen iyaka, ta ma fi kama da maganarsu. Har ila yau jimre da jure, da 'yan'uwansu daure da dage da nace, duk 'yan aji na huɗu ne, ajin da ya ke ƙarewa da wasalin "e" ya ke kuma nuna an kai aiki matuƙa. Amma ba darajarsu ɗaya ba. Naci yana da ɗan wari, don almajiri mai naci da mai bin bashi mai naci ba yabonsu a ke yi ba. Dagewa takan kusanci taurin kai. Daurewa ta fi dacewa da ciwo na ɗan lokaci, kamar yaron da wanzami ya ke yi wa kaciya. (A rubutun da ba a sa ƙugiya, daure da ɗaure sukan rikice, malamin makaranta ya san wahalar wannan.) Jimiri ne kaɗai ya haɗa tsawon lokaci da nauyin kaya ba tare da zargi ba.

In aka ɗauki wannan ma'auni aka duba abin da ya auku a ƙasar, za a ga yadda kalmomin biyu su ke raba aiki. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya watsa ƙauyuka, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani, wanda Seyni Kountché ya kifar a watan Afrilu na 1974. Bayan shekara goma wani farin ya komo, ya kuwa zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da ya saba ƙetarawa ta Jibiya ya tsaya, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari, yadda kakanninsu suka kira ta 1914 Kakalaba. Yunwa ba ta tambayi kowa addininsa ba. Musulmi ya ce ƙaddara ce, ya yi tawakkali. Kirista ya ce nufin Allah ne, ya dogara. Su biyun kuma suka taru a kan haƙuri da dangana.

A wannan yunwa ce wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya haɗa rabon abinci da wata dabara da ya lura da ita a 1983. Ya ga 'yan tsirran da manoma su ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ta ke da rai a ƙasa, in an rage rassan aka bar 'yan kaɗan masu ƙarfi sai su koma itace. Aka ce wanda ya ke son abinci ya bar toho a gonarsa. Da rabo ya ƙare da yawa suka koma suka sare, amma waɗanda suka bari suka ga amfanin itacen wuta da abincin dabbobi da kāriya daga iska, maƙwabta suka kwaikwaya, har abin ya bazu a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Sassaben zamani a ke ce masa. Galibin waɗanda suka amfana Musulmi ne, ba su kuwa sake addini ba, ba a kuma ce su sake ba. Abin da aikin ya jawo wa Kiristocin wurin shi ne mutunci, irin wanda asibitin Galmi da na Danja suka jawo, mutuncin nan kuwa ya yi musu rana daga baya. Gonar koyarwa ta mishan da ke bayan garin Maraɗi sunanta Maza Tsaye, suna ne da ya dace da zancen nan ƙwarai.

Ruwa ma ya yi nasa. A daren 15 ga Yuli 2018 aka yi ruwa mai yawa a Jibiya, ambaliya ta rushe ɗaruruwan gidaje ta kashe mutum fiye da 40, waɗansu gawawwakin ma sai a ƙasar Nijar aka tsamo su, gulbi ya ƙetare da su ba takarda. A ƙarshen Agusta na 2024 Maraɗi ta ga irin nata. Haka kuma 'yan bindigar daji, waɗanda tun daga 2019 suka kori dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi, har gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021, aka kuma katse wayar hannu a ƙananan hukumomi da dama. Gaskiya ita ce yawancin waɗanda suka kashe ko suka sace Musulmi ne, an ma kai hari masallatai. Amma Kiristoci ba su tsira ba: a watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a watan Mayu na 2022 aka sace limaman Katolika biyu a Gidan Maikambo ta Ƙafur, a watan Janairu na 2023 kuma aka kwashe masu sujada daga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara. Wannan masifa tana tsakani, shi ya sa a kan sami saɓani wajen ba ta suna. Wani ya ce rashin tsaro ne da ya shafi kowa, wani ya ce tsanani ne. Wanda ya zaɓi kalma ɗaya cikin biyun nan ya riga ya yanke hukunci a kan niyyar maharan, ko ya sani ko bai sani ba.

Tsanani ita ce kalmar da Kiristoci su ke kiran wahalar da aka ɗora wa mutum sabo da bangaskiyarsa, aikatau ɗinta kuma tsananta wa. A Hausar kowa tsanani yawan zafin abu ne kawai, kamar tsananin sanyi ko tsananin yunwa, amma a majami'a ta sami ma'ana ta musamman. Inda babu shakka a kanta shi ne tarzomar gari. A watan Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya bazu har Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u. A watan Fabrairu na 2006 aka yi wata a Katsina sabo da zanen ɓatanci da aka buga a Danmak, bayan zaɓen Afrilu na 2011 kuma aka sake yi a Funtuwa da Malumfashi da Daura. A ƙetaren iyaka, a watan Nuwamba na 2000, masu zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai suka faɗa wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi, suka haɗa da harabar mishan da wata majami'a. Da wannan tarzoma ce Barbara Cooper ta buɗe littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan al'amarin jaridar Charlie Hebdo, aka yi tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, hukuma ta ce majami'u 45 aka ƙone a Yamai kaɗai. A watan Yuni na 2019 aka sake ƙone wata a Maraɗi bayan an kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin addini.

Abin lura a jerin nan shi ne kusan kowane ɗaya daga nesa musabbabinsa ya zo, daga Kafanchan, ko Danmak, ko Faris, ko akwatin zaɓe, ko majalisar Yamai. Bahaushe Kirista na Tsibiri bai zana kome ba, bai buga jarida ba, amma a idon mai tarzoma shi ne wakilin Nasara da ke kusa. Nan ne ciwon ya ke, gama abin da a ke ƙaryatawa shi ne kasancewarsa ɗan ƙasa. Sunayen da a ke kiransu da su ma sun nuna haka. 'Yan mishan suna ne da ya jingina su ga baƙi. Arna suna ne da ya mai da su baya ga abin da suka bari. Su kuwa sukan ce masu bi, waɗansu kuma suka zaɓi Masihiyawa, daga Almasihu, da ɗafin "-awa" irin na Katsinawa da Gobirawa, don kalmar ta yi kama da sunan jama'ar da ke da asali a ƙasa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A 1966, da aka yi kashe-kashe a biranen Arewa, Inyamurai suka kwashe suka koma gida, haka kuma a kowace tarzoma baƙon Kirista yana da motar da zai hau. Bamaguje da ya zama Kirista ba shi da wannan. Gonarsa tana nan, kabarin ubansa yana nan, ƙanensa ko surukinsa wataƙila Musulmi ne, gida ɗaya su ke. Sabo da haka jimiri a wurinsa ma'anarsa a fili ta ke: ya kwana a garin, ya share toka, ya sake aza jinka, ya koma kasuwa ran kasuwa ya sayi gishiri wurin wanda ya san ɗansa yana cikin masu jifa. Akwai fa waɗanda ba su jimre ba. Waɗansu sun musulunta, ko don sun gamsu, ko don aure da gado da neman sarauta. Waɗansu sun ƙaura Kaduna ko Jos ko Yamai. Tarihin da ya ɓoye waɗannan ya rage wa waɗanda suka zauna daraja, don sai an san ana iya tafiya a ke gane nauyin zama. Wajibi ne kuma a faɗa cewa a yawancin tarzomar nan an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka, malamai da sarakuna kuma suka yi tir da abin.

Bayan tarzomar 2015 shugabannin ikilisiyoyin Nijar sun fito fili sun ce sun yafe. Wannan kalma ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba ɗaya ta ke da haƙura ba, ko da ya ke a kan gama su a magana. Mutum yakan haƙura don ba shi da yadda zai yi. Talaka yana haƙura da abin da sarki ya ƙwace. Amma ba mai yafewa sai mai hakki. Wanda ya ce "na yafe" ya tabbatar da abu biyu a lokaci guda, cewa an yi masa laifi, da cewa bashin nasa ne, shi ya ga dama ya bari. Yafe kuma ɗan aji na huɗu ne, yana ɗaukar karɓau, yana ɗaukar wanda aka yi wa: na yafe maka laifinka. Sabo da haka jama'ar da ba ta da ƙarfin ramawa, ba ta kuma sa ran kotu za ta biya ta, ta sami kalmar da za ta faɗa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Waɗansu matasa a cikinsu suna ganin yafewar nan ta yi yawa, tana sa a raina su, gardamar kuwa ba ta mutu ba.

Siyasa ba ta bar iyakar ta huta ba. Nijeriya ta rufe ta a watan Agusta na 2019 don hana shigo da shinkafa, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu na 2022. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka sake rufewa har watan Maris na 2024. A tsakiyar wannan rufewa, a watan Oktoba na 2023, Fadar Paparoma ta yanke ƙasar Katsina daga Sakkwato ta ba ta bishop nata, Gerald Mamman Musa, Bahaushe na fari da ya kai wannan matsayi a Katolika, aka naɗa shi a watan Disamba. Maraɗi ta riga ta sami nata tun 2001.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara kalmomin nan tun jama'ar da a ke zance ba ta yi yawa ba, don haka ma'anar da tsanani da jimiri da bangaskiya suka ɗauka a majami'a aiki ne da ya rage ga masu ƙamus na yanzu. A kwalejin horon malamai kuma abin yakan taso a aji. Ɗalibi daga Ƙafur ko Malumfashi yakan rubuta bangaskiya inda malaminsa ya saba ganin imani, ko sujada inda ya ke jiran salla, ko alheri da wata ma'ana da ta wuce kyauta, malamin ya ja masa jan layi yana zaton kuskure ne ko fassarar Turanci. Kalmomin Hausa ne, an kuwa fi shekara 90 ana karanta su a bugaggen littafi daga Funtuwa har Tsibiri.